Jan Biron Baban Auta

Litinin, bakwai na safe

Wayar maigidana tana hannuna tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi. Ni ke sa mata caji, ni ke goge fuskarta da gefen mayafi, kuma da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi kamar an kama ni da kayan sata. Buɗe ta ba wuya, ranar haihuwar 'yarmu Auta ce lambar, sha bakwai ga watan uku. Mutumin da kullum yake zargin mutane da sakaci, ga abin da ya kulle wayarsa da shi.

Yau saƙon makarantar Auta ya shigo. Duk saƙonninsu nan suke zuwa, domin sunansa da lambarsa ne a fayil ɗinta tun da aka kai ta makarantar kwana. Ni dai nawa kai sabulu da man shafawa ranar ziyara. Sun ce an buɗe rajistar jarrabawar fita. Duk ɗan ajin ƙarshe, sai mahaifi ko mariƙin da ke rubuce a fayil ya zo da ƙafarsa, ya duba takardar bayanan ɗansa, ya sa hannu a gaban malami. Za a rufe ranar Juma'a ta mako na uku, ƙarfe huɗu na yamma. Wanda bai samu shiga ba, sai baɗi.

Da ƙafarsa. Na yi ta maimaita karanta wannan wurin har shayi ya ƙone a kan wuta.

Na sake dafa wani na zuba a filas. Bari in tafi asibiti kafin likitoci su fara zagaye.

Talata, da yamma

Na nuna wa Yaya saƙon. Yayarsa ce, ita ta goye shi yana jinjiri, kuma har yau gani take a bayanta yake. Muna tsaye a baranda, ƙofar ɗakin a buɗe, muna hango gadonsa da ke kusa da taga.

"Ko da wasa kada Auta ta ji, Maman Auta," ta ce da ni. "Yarinya tana shirin jarrabawa ki ɗora mata wannan? Kin san yadda take da ubanta. Ki bari ta gama tukuna."

Na ce, "Yaya, jarrabawar fa sai an yi rajista ake rubuta ta."

"Kafin nan ya tashi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ni ce yaron, da furfurata. Amma a gaskiya abin da nake so in ji ke nan. Kafin nan ya tashi. Na yarda, na kuma yi mata alkawari.

Laraba, tsakar rana

Yau ma bai ce komai ba. Na sa wayarsa a caji.

Alhamis, tara na safe, a shago

Ina yanka labulen wata mata wayar ta dame ni da ƙara. Ashe zauren iyaye ne, inda malamar ajinsu Auta take turo sanarwa, iyaye suna ta surutu a ƙarƙashi. Ban taɓa leƙawa ba sai yau. Tabɗi! Ashe haka mijina yake a wajen mutane.

Jan Biro suke kiransa. Na san yana yawo da jan biro a aljihun gaba, na san shekara da shekaru yana tsaron sito a kantin magani, aikinsa ke nan ya juya kwali ya duba ranar lalacewa. Ko gwangwanin madara na sayo sai ya kifa shi ya duba gindinsa kafin a buɗe. Amma ban san yana yi wa makaranta haka ba. Duk takardar da suka aiko sai ya zagaye wani wuri da ja, ya ɗauki hoto ya mayar musu. Sun ce taro ranar Asabar goma ga wata, shi kuma ya ce goma ga wata Lahadi ce. Sun ce a kawo bokiti biyu a sama, a ƙasa sun ce ɗaya, ya ce su zaɓa. Ba sallama, ba gaisuwa, zagaye kawai da alamar tambaya.

Yau wani uba ya rubuta, "Ina Jan Biro ne? An yi sanarwa tun Litinin ba mu ji ɗuriyarsa ba." Malamar aji ma ta ce tana so kowa ya nuna ya ga saƙon rajista.

Na ajiye almakashi. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. A ƙarshe na tura da sunansa: "Assalamu alaikum. Na ga saƙo, na gode ƙwarai Malama, Allah ya saka da alheri. Na yi tafiya ne, zan zo da na dawo."

Ya yi kyau, ba inda za a kushe shi. Wani ya sa fuskar dariya a ƙarƙashi, ban san me ya ba shi dariya ba. Mutane dai ba su da aikin yi.

Lahadi, bayan azahar

Ranar Lahadi malamar aji take ara wa 'yan ajinta waya su kira gida. Auta ta kira lambarsa kamar kullum, na ɗauka.

"Mama? Ina Baba?"

"Ya yi tafiya, sun je duba kaya a wani reshe. Ya manta wayar a gida."

"Baba ya manta waya?"

"To shi ba mutum ba ne? Ya karatu?"

Ta ce lafiya. Ta ce sabulunta ya kusa ƙarewa, kuma takalminta ya ɓalle. Ta ce in gaya masa ya zo da wuri, kada ya bari sai ranar ƙarshe, layi yake yawa. Na ce zan gaya masa.

Kuma na gaya masa ɗin. Na zauna kusa da gadon na faɗa masa duka, har maganar takalmin. Idonsa yana kan taga. Hannunsa na dama yana nan inda nas ta ajiye shi tun safe.

Litinin, huɗu na yamma

Na je makarantar. Na rufe shago, na hau mota, na sauka a bakin get na ja mayafi har kan hanci, kada wata ƙawar Auta ta gane ni. Uwa tana sanɗa a makarantar 'yarta kamar ɓarauniya, kai jama'a.

Ofishin jarrabawa ɗan ɗaki ne a bayan ɗakin malamai. Benci ɗaya a waje, kabad na ƙarfe biyu a ciki, fanka tana juyi tana kuka, fayil-fayil a ɗaure da roba har kan taga. Malamin jarrabawa dattijo ne mai tabarau a rataye da zare. Mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ba ya motsawa ko da taku ɗaya.

Na ce ni ce mahaifiyar, na zo in sa hannu.

Ya buɗe fayil ya ce, "Hajiya, sunan mahaifinta ne a nan. Ai Jan Biro ne, ko? Ina jiransa ma, na sake duba takardun ajin saboda shi."

"Ya yi tafiya."

"Allah ya dawo da shi lafiya. Akwai sauran lokaci."

"In bai dawo ba fa? Ni na haife ta, Malam, ba a kasuwa na sayo ta ba."

Ya cire tabarau ya yi mini bayani a hankali. Abin da ke takardar nan, suna da ranar haihuwa da darussa, shi zai hau takardar shaidarta har abada. In aka tura da kuskure, gyaransa sai an sha wuya, wata yarinya ma gurbin jami'a ya wuce ta a kan haka. Shi ya sa dole mai alhakin yaro ya duba da idonsa. In ina so a mayar da sunana a fayil, hanya a buɗe take. In rubuto dalili, in kawo shaida, a kira ɗalibar ta tabbatar a gabansa, sannan shugabar makaranta ta amince.

"A kira ɗalibar?"

"Dole ne. An taɓa sauya wa wani yaro mariƙi bai sani ba, abin ya kai mu inda ba ma so."

To ga ta nan. In na faɗi dalili, Auta ta ji. In ban faɗa ba, ba rajista. Gaba kura, baya sayaki.

Ya juyo mini da takardar in gani ko da ba zan sa hannu ba. Na ga hotonta a kusurwa, ta ɗaure fuska irin ta ubanta. Ban iya karanta sauran ba, idona ya cika. Na ce masa ƙura ce ta fankar nan.

Da zan fita na hango 'yan ajinsu suna tafiya ɗakin cin abinci. Na juya baya na bi ta bayan gini.

Talata, sha ɗaya na safe

Na tare likita a baranda na tambaye shi kai tsaye, yana jin abin da muke faɗa? Yana ganewa?

Ya ce ba za su iya cewa ba tukuna. Wataƙila yana gane komai, wataƙila kaɗan, wataƙila yana zuwa yana tafiya. Ya ce mu ci gaba da yi masa magana. Wataƙila, wataƙila. Da ni ce na yi wa mai labule awo da wataƙila, da tuni na rufe shago.

Nas ta ba ni kayan da ya zo da su a leda, wai suna tare musu wuri. Riga, agogo, makullin sito, da jan biron. Na jefa biron a jakata, sauran na kai gida.

Laraba, da safe

Caji. Shayi. Can.

Alhamis, biyar na yamma

Na yanka labulen mutane gajere da taƙi guda. Shekaruna nawa a ɗinki ban taɓa yin haka ba. Matar ta zazzaga mini masifa, na tsaya ina kallonta kamar da wata take.

Yaya ta zo da dabara. Wai a samu wani namiji cikin dangi ya sa hula ya je a matsayin uban. Na ce, "Yaya, ko maigadin makarantar ya san fuskar ƙanenki. Ya taɓa gyara masa rubutun allon get."

"To ki koyi sa hannunsa."

"A gaban malamin ake sawa."

"Ke dai komai aka kawo sai kin ce ba zai yiwu ba."

Duk da haka da na dawo gida na ɗauko tsohon katin sakamakon Auta na gwada kwaikwayon sa hannun a bayan kwali. Ban san amfanin me zai yi ba. Nasa yana da wata jela da yake ja a ƙarshe da ƙarfi har takarda ta kusa yagewa. Nawa ya fito kamar tsutsa. Na yayyaga kwalin.

Asabar, uku na rana

Malamar aji ta kira wayarsa. Na zuba mata ido tana ruri a kan teburin ɗinki har ta katse. Ta sake kira. Sannan ta turo saƙo, ba a zaure ba, shi kaɗai: "Baban Auta, lafiya kuwa?"

Na amsa, "Lafiya lau Malama, na gode da kulawa."

Ba ta sake cewa komai ba. Na rasa dalilin da ya sa shirun nata ya tsaya mini a rai.

Lahadi, bayan azahar

Auta ta kira. Mun yi maganar sabulu, na ce na ba direban motar makaranta ya kai mata. Mun yi maganar takalmi. Ta ce sun fara bitar darussa, ta ce ana yawan ɗauke musu ruwa. Muryarta a daidai, ba rawa.

Ba ta tambayi Baba ba. Ko sau ɗaya.

Na shirya ƙaryata tun safe, har da sunan aikin da ya riƙe shi, amma ba ta ba ni inda zan sa ta ba. Da za ta ajiye ta ce, "Mama, kina cin abinci kuwa?" Na ce ina ci mana, wa ya ce miki ba na ci. Ta ce ba kowa.

Tsoro nake ji. Ban san na mene ne ba, amma tsoro nake ji.

Litinin, bakwai na safe

Saƙon tuni ya shigo. Saura ɗalibai kaɗan a ajin ba a sa musu hannu ba, sunan Auta ne na farko a jerin. Juma'a, ƙarfe huɗu.

Jiya ya motsa yatsun hagu da na ba shi shayi a cokali. Yaya ta ce ga shi nan, kafin Juma'a zai tashi. Na dubi ƙafafunsa a ƙarƙashin bargo.

Talata, da yamma

Mun yi da Yaya, a baranda, murya ƙasa-ƙasa saboda masu jinya.

Na ce zan je in faɗi gaskiya a mayar da sunana. Ta ce na yi mata alkawari. Na ce alkawarin zai cinye wa yarinya shekara guda. Ta ce gara shekara da a ce ta shiga jarrabawa da karyayyar zuciya ta faɗi, ta kuma ce ni ban san zafinsa ba kamar ita.

Nan na fusata. Na ce, "Ke kika goye shi, Yaya, ba wanda ya musa. Amma ni nake juya shi a gadon nan safe da yamma, kuma ni nake yi wa 'yata ƙarya duk Lahadi, ba ke ba."

Ta fashe da kuka. Ni ma na yi. Wata mai shara ta zo ta ce mu ɗan matsa za ta goge wurin, muka matsa muka ci gaba.

Ba mu shirya ba, ba mu kuma rabu ba. Ta karɓi filas ta shiga ta ba shi shayin.

Laraba, tsakar rana

Saura kwana biyu. Ban buɗe shago ba.

Alhamis, shida na yamma

Na karɓi takardar shaida daga likita. Sai da na yi sintiri tsakanin ofis uku kafin a buga mata hatimi. Ban karanta ta ba, na ninke na sa a jaka kusa da biron. Na san abin da ke ciki, ba sai na gan shi a rubuce ba.

Na zauna kusa da shi na ce, "Baban Auta, gobe zan gaya mata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka ga laifina, ka tashi ka faɗa mini da bakinka."

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Ban san ko kallon mai ji ba ne ko na mai kallo kawai.

Juma'a, sha ɗaya na safe, a kan bencin ofishin jarrabawa

Bari in rubuta kafin malamar aji ta dawo da takardar izinin fita.

Na miƙa wa malamin jarrabawa takardar likita. Ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Subhanallahi. Hajiya, me ya hana ki faɗa tun wancan zuwan?" Ya aika a kira Auta da malamar ajinsu.

Ta shigo da kayan makaranta, ta rame, wuyanta ya fito. Ta dube ni, ta dubi takardar da ke kan tebur. Na buɗe baki in fara jawabin da na tsara a mota, ta riga ni.

"Mama, yaushe ya rasu?"

Wallahi sai da ɗakin ya juya mini. Na ce, "Wa? Wa ya rasu? Yana nan da ransa! Yana kwance ne, ba ya magana, amma yana nan!"

Ta zube a ƙasa ta rungume ƙafafuna. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa a bakinta ba, ko tana jaririya.

Ashe tun makon farko. Malamar aji ta nuna mata saƙon da na tura a zaure don ta kwantar mata da hankali, ga shi babanki ya ce tafiya ya yi. Auta ta karanta ta ga sallama, ta ga na gode ƙwarai, ta ga Allah ya saka da alheri.

"Baba bai taɓa gode wa makaranta ba, Mama," ta ce tana shessheƙa. "Kuma a sanarwar an rubuta ajinmu ba daidai ba, bai ce komai ba. Na san ba shi ba ne. Na ce tunda kina ɓoyewa, to babu shi, kuna jira in gama jarrabawa. Na ga kina wahala, shi ne na daina tambaya."

Mako biyu yarinyar nan tana zaman makokin ubanta ita kaɗai a ɗakin kwana, tana amsa mini maganar sabulu. Mu kuma muna can muna taƙama muna kare ta. Na ji kunya, na ji haushin kaina, na ji haushin Yaya, na rasa wanda zan fara da shi.

Sai kuma tsugune ba ta ƙare ba. Shugabar makaranta ta tafi taro, sai Litinin, ba mai amincewa da sauya suna yau. Malamin jarrabawa ya yi ta juya fayil. Malamar aji ce ta ce, "Malam, doka ta ce uban ya duba ya sa hannu a gaban malami. Ba ta ce a wane ɗaki ba. Ni zan je in zama shaida, in hannu ya ƙi ya dangwala yatsa." Daga ƙarshe ya buɗe aljihun tebur ya ba ta tawadar dangwale. Ya ce ta turo hoton takardar kafin huɗu, yana gaban kwamfuta.

Juma'a, shida na yamma

Mun isa asibiti wajen ƙarfe biyu. Yaya tana ganin Auta ta miƙe za ta yi magana, yarinyar ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba, ta durƙusa a gefen gadon ta ce, "Baba, ni ce." Idonsa ya sauko daga taga. Hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya ya shiga kunnensa. Yaya ta koma ta zauna.

Malamar aji ta bar su suka ɗan jima, sannan ta ɗora takardar a kan fayil ta riƙe a gabansa, ta buɗe tawada. Na kama hannunsa na hagu na dangwala babban yatsan a tawada, na kai shi wajen takardar.

Ya janye.

Na ɗauka hannun ne ya zame. Na sake kamawa, ya sake janyewa, da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Wani gurnani ya fito daga maƙogwaronsa. Na dubi agogon bango.

Yaya ta ce, "Bai san abin da ake yi ba, ku danna kawai lokaci yana tafiya."

Malamar aji ta ce ita ba za ta yi shaidar dole ba. Na fara roƙonsa, don Allah don Annabi, shekarar yarinyar nan ce. Shi kuwa idonsa yana kan takardar, wuri ɗaya, yatsansa mai tawada yana karkarwa a iska.

Auta ta dubi idonsa, ta dubi aljihun rigar jinyar da ke jikinsa, ta ce, "Mama, ina bironsa?"

Na zazzage jakata a kan gado. Ta cire murfin ta sa masa a hannun hagu, ta matse yatsunsa a kai. Ya daɗe kafin bakin biron ya sauka. Ya ja shi a hankali, a karkace, layin yana rawa, har ya zagayo ya haɗe.

Muka sunkuya mu huɗu. Ranar haihuwa. Sha ɗaya ga watan uku aka buga.

Sha bakwai ne. Lambar da nake dannawa a wayarsa safe da rana da yamma tun da abin ya faru. Na ga takardar nan da idona, malamin jarrabawa ya duba ta, malamar aji ta riƙo ta tun daga makaranta, mai ranar haihuwar ma ta riƙe ta a mota. Ba wanda ya gani.

Ban san lokacin da na ce, "Yana ciki! Yaya, yana nan ciki!" ba. Yaya ta toshe baki da mayafi tana ta hamdala.

Malamar aji ta kira malamin jarrabawa ta sa a lasifika, ta gaya masa kuskuren. Ya ce, "Wa ya gano?" Ta ce, "Wa kake tsammani?" Muka ji dariyarsa. Ya gyara ya turo sabuwa ta waya. Ni na ruga shagon buga takardu da ke tsallaken titi, da silifas ɗina da shekaruna, na tarar da layi, na roƙi mutane suka bar ni na wuce.

Na dawo ina haki, saura minti ashirin. Kuma wai bawan Allahn nan sai da ya karanta sabuwar tun daga sama har ƙasa, layi bayan layi, muna tsaye a kansa kamar masu jiran hukunci. Yaya tana cewa, "Haba ɗan'uwana, haba." Ko a jikinsa. Da ya kai ƙarshe ya saki biron, ya miƙo yatsan da kansa.

Amsa ta shigo wayarsa kafin huɗu: "An karɓa." Na ɗaga wayar zan rubuta na gode, Auta ta riƙe mini hannu.

Lahadi, biyar na yamma

Na mayar da Auta makaranta da safe. A mota ta ce duk Lahadi in kai wayar kunnensa, ita za ta yi maganar, shi ya saurara. Ta ce kuma in daina rantse mata cewa ina cin abinci. Yaya ta saya mata sabon takalmi, ta tura mata a jaka.

Har yanzu bai yi magana ba. Likita yana nan da wataƙilarsa. Ban san yaushe za mu koma gida ba, ban san a yaya za mu koma ba.

Da na isa asibiti, nas ta tare ni a ƙofa da katin maganinsa a hannu, ranta a ɓace. Ta nuna mini wani jan zagaye a karkace a kan kwanan watan jiya, inda mai aikin safe ta rubuta na shekaranjiya.

"Hajiya, don Allah ki karɓe biron nan daga hannun mijinki," ta ce. "Tun jiya yake ɓata mana takardu."

Na leƙa ɗakin. Yana kwance kusa da taga, biron yana damƙe a hannunsa na hagu, yana kallonmu.

Na ce, "Daidai ya zagaye ko ba daidai ba?"

Ta sake duban katin, ta kawar da kai.

"To ki gyara," na ce da ita. "Ni ba zan karɓa ba."